Doguwar fulawa mai ruwan ɗorawa a tsakar gida: tekoma, kanna ko titoniya?

Ƙanwata ta tare a sabon gidanta a Daura bayan ƙaramar salla. Gidan bulo ne, tsakar gida mai faɗi, amma fayau, ko ɗigon kore babu. Ba ta yi mako biyu ba ta kira ni ta ce, "Yaya, katangar nan ta yamma tana damuna, ta yi tsirara da yawa. Ina son doguwar fulawa mai ruwan ɗorawa, wadda ba sai na sake shukawa duk shekara ba. Wace zan saya?" Amsar da na ba ta ce na faɗaɗa a nan, don na san ba ita kaɗai ke tsayawa gaban masu sayar da fulawa a bakin titi tana rasa wadda za ta nuna ba.

Ban fara da sunan fulawa ba. Tambayarta na yi: a watan Afrilu, daga ina ruwan gidanku yake zuwa? Famfo ne, rijiyar burtsatse ce, ko kurar 'yan garuwa? Dalilin tambayar shi ne, duk shukar da ka gani cikin leda a watan Agusta kyakkyawa ce, marka ba ta barin shuka ta ji kunya. Amma ruwan da birnin Katsina ke samu a shekara bai wuce milimita 600 da 'yan kai ba, Daura ma kusan haka, kuma galibinsa tsakanin Yuni da Satumba yake zuba. Sauran wata takwas kai ne damina. Ga hunturu da iskarsa mai busar da leɓe, ga bazara da zafin da ke taɓa digiri 40, ga ƙasarmu jigawa, ka zuba bokiti kafin ka juya ta shanye. Fulawar da za ta zauna da kai shekara da shekaru ita ce wadda za ka iya shayarwa a Afrilu ba tare da ka rage na girki ba.

Uku na auna mata, kuma duka ukun baƙi ne, asalinsu nahiyar Amurka, shi ya sa sunayensu ba su yi kama da namu ba. Tamu ta gida mai wannan launi ita ce rawaya, wadda ma daga gare ta launin ya samo sunansa na rawaya, tsiron daji da ake tono saiwarsa don rini da maganin shawara. Ina ƙaunar furenta ƙwarai, sai dai a ƙasa take fitar da shi da rani, bayan an ƙone daji, kafin ganye ya fito. Ba za ta rufe wa kowa katanga ba.

Ta farko tekoma, wadda masana ke kira Tecoma stans. Ƙaramar bishiya ce mai rassa da yawa daga gindi, takan kai mita 3 zuwa 5 idan an ƙyale ta, amma tana karɓar aski, za ka iya tsayar da ita daidai kan katanga. Ganyenta kamar na bedi, jere a kan kara ɗaya da baki mai zarto. Furen kuwa kamar bakin algaita, tsawon ɗan yatsa, yana fitowa gungu-gungu a ƙarshen sabon reshe. Da damina da kaka takan cika har rassan su sunkuya, ƙudan zuma na shiga da fita.

Ta biyu kanna. Ita ba itace ba ce, ganye ne da kara mai ruwa, kamar ayaba ƙarama. Tsayinta mita ɗaya zuwa biyu, ya danganta da iri da ƙoshi. A ƙarƙashin ƙasa tana da tushe mai kauri da gaɓoɓi, kamar ɗanyar citta, daga nan take ta jefo sabbin 'ya'ya. Akwai ja, akwai ruwan lemo, akwai ruwan ɗorawa zalla, akwai mai ɗigon ja a ciki. A wajen kyau, in faɗi gaskiya, ba ta da na biyu a cikin ukun. Faffaɗan ganyen nan kaɗai yana sa tsakar gida ta yi sanyi a ido.

Ta uku titoniya, Tithonia diversifolia, mai fure faffaɗa zagaye da ido a tsakiya. Duk wanda ya bi hanyar kudu da kaka ya gan ta ta rufe gefen titi, ta fi mutum tsayi. Tana saurin girma fiye da sauran biyun, kara ɗaya ka soka da damina, kafin ruwa ya ɗauke ya zama kurmi. Amfaninta na gaske a gona yake: busasshen ganyenta na ɗauke da sinadarin naitirojin kusan kashi 3.5 cikin 100 da fotash kusan kashi 4, shi ya sa manoman yammacin Kenya ke yanka ta su binne a gonar masara a madadin taki. Sai dai ruwa take so mai yawa, irin na Funtuwa da ke samun kusan milimita 1,000, furenta kuma na ɗan lokaci ne, daga nan ƙasan karan ya yi ƙwaire, ya bushe, ya zama maɓoyar ɓera. Mai lambu a fadama ko kusa da dam irin na Ajiwa ko Jibiya zai ci moriyarta a shinge, muddin zai riƙa sare ta kafin ta zubar da iri, don idan ta kama wuri mai laima fitar da ita aiki ne. A tsakar gida a Katsina ko Daura kuwa, na cire ta daga lissafi. Gasar tsakanin tekoma da kanna take.

A kan ruwa, tazararsu mai nisa ce. Tekoma shekarar farko kawai take neman kulawa. Idan ta ci damina ɗaya a ƙasa, ka raka ta da ruwa a rani na farko, daga nan sau ɗaya ko biyu a mako ya ishe ta, a zuba da yawa ya nutse, ba yayyafi ba. Ko an yi tafiya an manta da ita, iyaka ta zubar da ganye ta tsaya kamar matacciya, ruwan farko na sauka ta yi toho. Kanna ba ta da wannan haƙurin. Da bazara kullum take son sha, wani lokaci safe da yamma. Na koyi wannan da asara. Shekarar da na fara shuka ta, na jera tushe shida a watan Agusta, suka yi kyau har maƙwabta na leƙowa. Da Maris ya shigo famfon unguwarmu ya ɗauke, muka koma sayen jarka. Na riƙa ba su abin da ya samu. Bakin ganyen ya fara ƙonewa, sannan karan ya lanƙwashe, da na tona a ƙarshen Afrilu biyar sun motse kamar tsohon rogo. Ɗaya ce ta tsira, wadda ke kusa da inda muke alwala. Ita ce uwar duk kannar da nake da ita yau, kuma ita ta nuna mini wurin da ya dace da ita.

Kanna tana son ƙafarta a jiƙe, har a ƙasashen waje ana shuka ta musamman a wuraren tace ruwan da aka yi amfani da shi. Saboda haka gidan da ake alwala sau biyar a wuri ɗaya, ake wanke shinkafa da kayan miya, yana da ruwan da zai riƙe tushe biyu ko uku ba tare da an sayi ko buta ɗaya ba. Abin kiyayewa biyu ne. Kada a tura mata ruwan wanki mai omo ko bilic, gishirin da ke ciki yana taruwa a ƙasa ya ƙone saiwa. Kuma kada a bari ruwan ya kwanta ya tara sauro: a haƙa ramin ya kai gwiwa, a cika da ƙasa da ruɓaɓɓen taki, a bar samansa da yashi, ruwa ya shige nan take.

A kan ci ma haka. Kanna maciyiya ce, kashin shanu ko na awaki da ya shekara, kwano biyu ko uku a kowane rami, a ƙara duk bayan wata biyu a lokacin girma. Wanda ke da takin zamani 15-15-15 zai iya barbaɗa ɗan cikin tafi nesa da kara. Tekoma kuwa idan ka cika mata taki sai ta yi ta ganye ta rage fure. Kwano ɗaya a ramin dashe, wani a farkon kowace damina, shi ke nan.

Rana da iska su ma sun raba su. Tekoma rana take so tun safe har yamma, a inuwa sai ta yi tsawo siririya babu fure. Kanna na buƙatar kamar awa shida, amma ranar la'asar ta Afrilu tana dafa mata ganye, iskar hunturu kuma da ke tasowa daga arewa maso gabas tana yayyaga shi. Gindin katangar yamma daga cikin gida ya fi mata, ta sha hantsi, bayan azahar inuwa ta rufe ta.

Yanzu ga inda na fi son mu tsaya, wato yadda ake yaɗa su, domin wanda ya iya wannan ba zai sake sayen leda ba, har ya ba wasu.

Tekoma hanya biyu gare ta, iri da reshe. Bayan fure takan yi kwanso siriri mai tsawon kamar taƙi ɗaya, kamar na wake. Idan ya koma ruwan ƙasa, kafin ya tsage, a tsinke shi a sa a takarda ya ƙarasa bushewa. A ciki za ka ga iri falle-falle, kowane da fiffike fari kamar ɓawon albasa. Kada a ajiye shi ya shekara, sabo ya fi tsirowa. Ledar fiya wata ta isa wurin raino: a yanke samanta, a huda ƙasanta wuri uku ko huɗu, a cika da yashi kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. A kwantar da iri biyu a kai, a rufe da ƙasa kaɗan, iyakar abin da zai hana iska ɗauka. Binne shi da zurfi shi ne kuskuren da aka fi yi. A ajiye a inuwar bedi, a yayyafa safe da yamma, cikin mako biyu zuwa uku za a ga tsiro. Idan biyun sun fito, a cire mai rauni.

Reshe kuwa, a zaɓi wanda bai tsufa ba kuma bai yi ɗanye shataf ba, kaurin fensir, tsawon santimita 15 zuwa 20. A yanka da reza mai tsabta daf da ƙasan gaɓa, a zage ganyen ƙasa, a bar biyu a sama, su ma a rage musu rabi. A soka rabinsa cikin yashi mai laima, a kifa farar leda a kai don tururi ya zauna, a ajiye inda rana ba ta bugu. Saiwa kan fito cikin mako huɗu zuwa shida. Yuli da Agusta ne lokacinsa, da hunturu iska ke shanye reshen kafin ya kama. Kuma a ɗora ledojin a kan bulo ko tebur, don gara na son ɗanyen yanka.

Wace ta fi? Na reshe yana saurin fure, kuma sak uwarsa zai fito, to idan ka ga wata mai cika fure a gidan wani, reshe za ka roƙa. Amma na iri yana da doguwar saiwa guda mai nutsawa ƙasa neman laima, wadda na reshe ba ya yi, nasa bazuwa suke yi a sama-sama. A jigawar Daura wannan saiwar ita ce jarin shukar. Shi ya sa ni iri nake zaɓa wa gidan da ruwa ke wuya, ko da za a jira fure har shekara ta zagayo. Sharaɗi ɗaya, kada a bar shi ya daɗe a leda har saiwar ta naɗe. Da ya kai taƙi ɗaya a dasa. A shuka a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, a dasa a Yuli, ya samu wata biyu na ruwan sama. Wanda ya bari sai Satumba ya zo fafe gora ranar tafiya, duk rainon zai dawo kan jarkarsa. A bar mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi tsakaninta da katanga, da kamar haka tsakanin kowace da 'yar'uwarta.

Kanna kuwa akasin haka ce, iri ne hanyar wahala. Ƙwayarta baƙa ce, mulmulalliya, da tauri kamar tsakuwa, har ana huda ta a yi abin wuya, ana zuba ta a cikin abin kaɗawa. Taurin ya kai an taɓa tono wata a tsohon kabari a Ajantina, ta haura shekara 500, aka shuka ta tsiro. In dai sai ka shuka, sai ka goga gefe ɗaya a kan dutse ko siminti har fari ya leƙo, ka jiƙa kwana ɗaya ko biyu. Bayan duk wannan, tunda yawancin na kasuwa haɗin aure ne, irin da ka ɗiba daga mai ruwan ɗorawa zai iya ba ka wani launi dabam. Mai son launin da ya gani da idonsa, tushe zai raba.

Rabon tushe ba wuya. A farkon damina a shayar da gindin tun dare, da safe a zagaye shi da fartanya daga nesa, a ɗago shi gaba ɗaya, a karkaɗe ƙasa. Za ka ga tsohon tushe a tsakiya ya yi duhu, sababbi a gefe farare tas, kowane da idanu masu tsini kamar na citta. A yanka da wuƙa mai kaifi, kowane yanki da ido biyu ko uku, a yar da tsohon da duk wanda ya yi laushi. A shafa toka a bakin yankan, a bar shi a inuwa ya kwana, sannan a binne a kwance, ido na kallon sama, zurfin yatsu huɗu ko biyar, tazarar rabin mita. Kada a cika ruwa kafin toho ya fito, nan ne kawai take ruɓewa. Cikin wata uku za a ga fure. Duk karan da ya gama fure a sare shi daga ƙasa, ba zai sake yi ba, na bayansa ne za su karɓa. Bayan shekara biyu ko uku gindin kan cushe, fure ya ragu, sai a sake tonowa a raba. Idan za a ba ka tushe kyauta, dubi ganyen uwar tukuna. In yana da zane-zane masu kodewa da tabo, ya kuma murɗe, ka yi godiya ka bari, cuta ce da ke bin tushe kuma ba ta da magani.

Wanda ya ga ba zai iya riƙe kanna da bazara ba yana da mafita: ya sare ganyen a ƙarshen hunturu, ya tono tushen, ya binne cikin yashi mai ɗan laima a tsohuwar randa, ya ajiye a ɗaki mai sanyi har ruwa ya sauka. Tana rayuwa, amma katangar za ta koma tsirara daidai lokacin da aka fi bukatar kore.

Kowace da aibinta na zaman gida. Tekoma na zubar da fure da ganye, mai shara zai sani, busasshen kwansonta kuma idan aka bar shi yana lilo ba ya da kyau, ga shi yana rage sabon fure. A riƙa tsinkewa, a yi mata aski sosai sau ɗaya kafin damina. Kusa da lambu ko fadama wannan tsinkewar wajibi ce, domin iska na kwasar irin, a Afirka ta Kudu har doka ta sa ta cikin tsirran da ake yaƙa saboda mamaye daji. Kanna kuma fara da tsutsa na son ganyenta, kaji na tone gindinta. Akuya ba ta ƙyale ko ɗaya daga cikinsu tun suna ƙanana, sai an zagaye da raga ko ƙaya.

Akwai ta huɗu da ban sa a gasa ba, amma dole in faɗe ta, don ita za a fi miƙo maka idan ka ce kana son mai ruwan ɗorawa mai jure fari. Masana na kiranta Thevetia peruviana. Furenta ya yi kama da na tekoma, tana nan kore shar ko da bazara, akuya ba ta taɓa ta. Dalilin da akuya ke gudunta shi ne dalilin da ya kamata mai yara ya guje ta: ganye, fure, ruwan jiki da ƙwallo duk guba ne mai taɓa bugun zuciya, ƙwallo ɗaya ko biyu na iya kashe yaro. Na taɓa tsayawa a harabar wata makaranta na ga yara na jifan juna da 'ya'yanta, wani ƙarami yana ƙoƙarin fasa ɗaya da dutse, jikina ya yi sanyi har na je na sami malaminsu. Gane ta ba wuya. Ganyenta siriri ne dogo mai sheƙi, ɗaya-ɗaya, ba jere irin na bedi ba. Ka tsinke shi farin ruwa zai fito kamar na tumfafiya. 'Ya'yanta dunƙulallu ne kore, ba kwanso ba. Kafin ka biya kuɗin kowace leda, tsinki ganye ɗaya ka duba.

Ƙanwata ta ce ruwansu na kura ne daga Maris zuwa saukar damina, yaranta uku, babbar ba ta kai shekara bakwai ba. Na ce to tekoma ce ta katanga, guda huɗu, daga iri, kanna kuma gindi ɗaya tak a kusurwar da suke alwala, idan ta ga ruwan wurin ya riƙe shi har bazara ta wuce sai ta raba ta ƙara. Da gidan na da burtsatse da tanki, da na juya lissafin, kanna ta cika gindin katanga, tekoma ɗaya a waje bakin ƙofa.

Na aika mata da kwanso biyar a ambulan ta hannun direban motar Daura. Ta shuka leda goma sha biyu, tara suka fito, ta ce ragowar biyar ɗin bayan ta dasa nata na uwar mijinta ne da maƙwabciyarta. Tushen kannar kuwa ban ba direba ba, na naɗe shi a jiƙaƙƙen buhu na kai da kaina ranar Asabar, muka haƙa ramin tare ita tana riƙe da butar.